VM ya ƙi tashi bayan ƙaura, shugaba kuma yana son Teams da Copilot: ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata kusan 120. Sabobinmu uku ne masu Intel, a kan VMware ESXi 7 (manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa), ɗauke da irin waɗannan kwamfutocin, wato VM, guda 18. Kuɗin lasisi ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka sayo sabuwar saba mai AMD muna shirin komawa Proxmox, wata manhajar da ke irin aikin VMware. Abu uku ya tare ni. vMotion, wato ƙaurar da VM yana kunne, tsakanin tsofaffin sabobi biyu yana tsayawa tun farkon tafiya, ya ce lokaci ya ƙure. Na ɗora wa sabuwar ESXi don gwaji, ya ƙi kai mata VM sam. Windows ɗin da na kai Proxmox kuma shuɗin allo yake nuna mini. Ga shi shugabanmu yana so a ƙarshen mako guda a gama wannan, a kwashe imel daga sabar imel ɗinmu ta Exchange 2016, a koma Teams da Copilot, mataimakin AI na Microsoft. Ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ka fara da raba aikin gida biyu, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ƙaurar da VM aiki ne mai zaman kansa, kwashe imel da sauya yadda ma'aikata ke hulɗa shi ma wani aikin ne. In ka haɗa su a Asabar ɗaya, Litinin da safe wani ya ce saƙonsa ba ya fita, ba za ka san ko laifin sabuwar saba ba ne, ko na DNS (mai fassara suna zuwa adireshi), ko na lasisin Microsoft. Wurin bincike ya zama uku, mutum ɗaya kuma kake.

Na fahimci abin da ke tura ku. Tun da Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamba 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma biyan shekara-shekara, kuma da dala ake lissafin, alhali naira ta faɗi ƙasa warwas tun tsakiyar 2023. Tallafin vSphere 7, wato dangin ESXi 7 ɗinku, shi ma ya ƙare ranar 2 ga Oktoba 2025. Saboda haka niyyar tashi daidai ce. Gaggawar ce kawai nake so mu rage.

Abin da ake yawan gaya mana shi ne VM fayil ne kurum, ka ɗauke shi ka ajiye inda ka so. Rabin gaskiya ke nan. Masu wannan sana'a suna kiran VM baƙo, sabar da ke ɗauke da shi mai masauki, kuma sunan ya dace. Baƙon nan ya daɗe a gidan, ya haddace irin furosesar da aka ba shi, da ƙofar da yake bi ya isa faifansa, da lambar katinsa na netwok. Biyu daga cikin matsalolinka uku tushensu ke nan: ka kai shi sabon gida, shi kuwa yana laluben ƙofofin tsohon.

Bari in fara da mai sauƙi, ta AMD. Ba ta da magani a vMotion, kada ka ɓata dare a kanta. Lokacin da VM ya kunna, yakan tambayi furosesa waɗanne umarni take iyawa, manhajojin cikinsa su ɗora aiki a kan amsar. Ba ya sake tambaya sai an kashe shi an kunna. Idan aka ɗauke shi yana raye aka kai shi kan furosesar da ba ta san wani umarnin ba, faɗuwa zai yi nan take, shi ya sa vCenter, mai kula da sabobin VMware, ke hana tafiyar tun kafin a soma. Akwai EVC, wanda ke ɓoye sababbin umarni don tsohuwar Intel da sabuwar Intel su yi kama da juna, haka ma AMD da AMD. Amma ba ya haɗa Intel da AMD. Kashe VM ɗin, ka kai shi a kashe, ka kunna a can, shi ke nan. Tunda ma Proxmox za ku koma, dole kowane VM ya ɗanɗana kashewa sau ɗaya. Darasin da za ka riƙe shi ne na gaba: in ka mayar da tsofaffin sabobin Proxmox suka zauna rukuni ɗaya da ta AMD, kada ka zaɓi nau'in furosesa "host" ga VM ɗin da kake son ya riƙa yawo. Zaɓi irin x86-64-v2-AES, wanda shi ne zaɓin farko tun Proxmox 8, kuma ko da shi, ka ɗauka cewa tsallakawa tsakanin Intel da AMD a kashe za a riƙa yi.

Ta biyu, wadda ke tsayawa ta ce lokaci ya ƙure, ita ce ba laifin baƙo ba. Hanya ce ta lalace. Yadda vMotion ke aiki shi ne ya kwafe RAM ɗin VM gaba ɗaya zuwa ɗaya sabar yayin da VM ɗin ke ci gaba da aiki, ya dawo ya kwafe shafukan da suka canza, ya sake dawowa, har saura ya yi ƙanƙanta, sannan ya dakatar da shi ƙasa da daƙiƙa guda ya miƙa ragowar. Duk wannan ta katin netwok na vmkernel da aka ware wa vMotion yake bi, a kan ƙofa ta TCP 8000. In ya mutu tun farko, sabobin biyu ne ba sa jin juna a wannan hanyar, ko da kuwa suna gaisawa lafiya ta hanyar gudanarwa.

Shiga sabar farko ta SSH, ka aika vmkping, wato ɗan saƙon gwajin hanya, daga katin vMotion zuwa adireshin vMotion na ta biyu. In an amsa, kada ka yi murna tukuna. Ƙaramin saƙo yana iya wucewa inda babba ba zai wuce ba. Idan MTU ɗinku, wato iyakar girman saƙo ɗaya a hanyar, 9000 ne, rubuta haka:

vmkping -I vmk1 -d -s 8972 adireshin_ɗaya_sabar

Ka sa sunan katinka a madadin vmk1. Alamar -d tana hana a yanka saƙon gunduwa-gunduwa, 8972 kuwa 9000 ne aka cire 28 na kanun saƙo. Na taɓa kwana a ɗakin sabobin wani ofis a kan irin wannan. Komai kore ne a allo, ƙaramin ping yana zuwa yana dawowa, amma ƙaura ta ƙi. Wajen ƙarfe biyun dare na gwada babban saƙo, shiru. Ashe watanni kafin nan tsawa ta ƙona suwic ɗaya, aka kawo sabo aka jona wayoyi yadda suke, ba wanda ya tuna ya ɗaga MTU ɗinsa daga 1500. Layi ɗaya na rubuta a suwic ɗin, VM ya wuce kafin in gama shan ruwa. Tun daga ranar, suwic nake fara tuhuma. In MTU lafiya yake, duba ko VLAN ɗin vMotion, wato sashen netwok da aka ware masa, yana kan ƙofofin suwic ɗin biyu, ko wata na'ura ta ɗauki adireshi iri ɗaya, ko an kunna vMotion a kan kati biyu da ba sa ganin juna. Fayil ɗin vmkernel.log na sabobin biyu da vmware.log na cikin jakar VM za su faɗa maka adireshin da aka nema aka rasa.

Akwai kuma mai tsayawa can ƙarshe, ko da ba ita ka gani ba. Wannan VM ne mai rubuta RAM da sauri fiye da yadda hanya ke kwashewa, kamar mai kwarfar rijiya da ruwa ke ɓuɓɓugowa. Yi lissafi da kanka: wayar gigabit 1 tana ɗaukar kusan megabait 110 a daƙiƙa, don haka RAM gigabait 64 zai ci wajen minti 10 a zagayen farko kaɗai, faifai mai terabait 2 kuwa wajen awa 5. Wannan lissafin shi zai nuna maka cewa VM 18 ba za su shiga ƙarshen mako ɗaya cikin natsuwa ba. Ka auna girman faifansu ka kai wa shugaba adadin awannin a rubuce.

Yanzu shuɗin allo, inda zan daɗe, domin shi za ka yi ta gamuwa da shi. Na tabbata abin da ke rubuce a ƙasansa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne, mai lamba 0x7B. Ma'anarsa Windows ya fara tashi, ya zo ɗaukar faifansa, bai ga direban da zai buɗe masa ƙofa ba. A VMware ta LSI Logic ko PVSCSI yake bi. A Proxmox ka ba shi VirtIO SCSI, wanda bai taɓa gani ba. Bayananka suna nan lafiya, ba abin da ya taɓa su.

Mutane da yawa suna saka direbobin virtio-win tun VM yana VMware, su yi mamaki da ya sake faɗuwa. Dalilin shi ne Windows ba ya ɗora direban faifai a sahun masu tashi da farko sai ya ga na'urar da idonsa. To ka nuna masa ita. Cire faifan daga VM ɗin a Proxmox, ka mayar da shi a matsayin SATA, wanda Windows na zamani ya sani, ka gyara jerin abin da za a fara tashi da shi. Zai kunna. Yana kunne, ka saka direbobin daga faifan virtio-win, ka ƙara masa wani ɗan faifai na gigabait 1 a kan VirtIO SCSI. Buɗe Device Manager ka tabbata ya bayyana ba alamar rawaya a jikinsa. Sannan ka kashe, ka cire babban faifan ka mayar da shi SCSI, ka sake gyara jerin tashi, ka kunna. In ya hau, goge ɗan ƙaramin. Kada ka bar shi a SATA don ya yi aiki. Za ka ji nauyinsa ranar da ma'aikatan lissafi suka taru a kan rumbun bayanai a ƙarshen wata.

In kuwa baƙin allo ka gani yana cewa babu abin tashi, wata matsalar ce: VM ɗin da yake tashi da sabon tsarin tashi na UEFI ka ba shi SeaBIOS mai tsohon tsari, ko akasin haka. Duba a VMware kafin ka taɓa shi. Mai UEFI, OVMF za ka zaɓa masa a Proxmox, ka ƙara masa ɗan faifan EFI.

Abubuwa huɗu nake yi wa kowane Windows tun yana tsohon gida, kuma duk wanda na tsallake sai na biya. Ina rubuta adireshin IP ɗinsa da DNS a takarda, domin sabon kati zai zo fanko, tsohon adireshin kuma yana maƙale a jikin katin vmxnet3 da ya ɓuya. Sai ka nuna ɓoyayyun na'urori a Device Manager ka goge shi. Ina cire VMware Tools a can, saboda mai cire shi yakan ƙi aiki idan ya ga ba a kan VMware yake ba. Ina haɗe duk wani sinafshot, wato hoton yadda faifai yake a wani lokaci, tunda faifai mai jerin sinafshot yana jan ƙafa wajen kwafa, wani lokacin ma a wayi gari da bayanan watan jiya. Sannan in akwai BitLocker, makullin faifai na Windows, ina dakatar da shi in kuma riƙe mabuɗin ceto mai lambobi 48 a hannu, don TPM, ma'ajin mabuɗin da VMware ya ƙirƙira masa, ba ya bin sa. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ne a cikinsu zai iya raba ka da bayanai har abada.

Ka kula da lambar MAC ma, wato lambar katin netwok. Ta VMware takan fara da 00:50:56 ko 00:0C:29, sabuwar Proxmox da BC:24:11. Wasu manhajojin lissafi da na biyan albashi sun ɗaure lasisinsu a jikin wannan lamba. Proxmox yana barin ka rubuta tsohuwar da hannu, muddin tsohon VM ba zai sake kunnuwa a netwok ɗaya ba.

Linux bai cika wahala ba. Tabbatar direbobin virtio suna cikin initramfs, fstab yana kiran faifai da UUID ba da /dev/sda ba, kuma ka sani sunan kati zai sauya, yawanci daga ens192 zuwa ens18.

Proxmox, wanda wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya ke yi, ya kawo hanyar jawo VM kai tsaye daga ESXi a 2024, tana cikin siga ta 8.2. Jona ta da sabar ESXi kanta, kada ka bi ta vCenter, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Tana da zaɓin kunna VM tun ana cikin kwafa. Ni ba na amfani da shi a inda wuta ba ta da tabbas, domin in kwafar ta yanke a tsakiya, abin da aka rubuta tun kunnawar ya tafi. Kafin daren aiki ka gwada batiran UPS da kaya a kansu, ka ga janareta ya karɓa da idonka. Wani abu kuma da sababbin shiga Proxmox ke ƙonewa a kai: sabobin rukuni suna jin bugun zuciyar juna ta corosync, wanda ba ya jure jinkiri. In ka tura kwafar terabait ta wayar da yake bi, kuma ka kunna HA (tsarin tayar da VM a wata saba in tasa ta faɗi), saba tana iya ɗauka an yanke ta daga 'yan'uwanta ta sake kunna kanta da duk VM ɗin da ke kanta. Ware masa katinsa. Kuma lokacin da sabobin Proxmox ɗinka suke biyu kacal, rukunin ba shi da rinjaye in ɗaya ta faɗi, sai ka ƙara ƙuri'a ta uku da QDevice.

VM biyu ne ba na so ka ɗauka ka kai ko'ina. Na farko mai riƙe da Active Directory, kundin asusun ma'aikata. Gina sabo a Proxmox, ka shigar da shi cikin domen, ka bari su daidaita, ka miƙa masa ragamar, ka sauke tsohon. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi maka tsaron ranar da kwafi biyu na saba ɗaya za su rikita kundin ma'aikata. Ka sa ido kan agogo: Kerberos, mai tantance masu shiga, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5, sai ka ga kowa ya kasa shiga alhali kalmar sirrinsa daidai ce.

Na biyu shi ne Exchange 2016, kuma nan ne tambayarka ta haɗu da ta shugabanka. Tallafinsa, tare da na Exchange 2019, ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya ga abin da ya faru a Maris 2021, lokacin da aka fasa dubban sabobin Exchange a duniya ta ɓarakar ProxyLogon, ba zai so ya bar irin wannan saba tana fuskantar intanet ba faci ba. Wahalar ɗaukar ta zuwa Proxmox asara ce. Akwatunan saƙo ake kwashewa, ba sabar ba. Ko dai ka gina sabuwa mai Exchange Server Subscription Edition, wanda ya fito a Yuli 2025, ka mayar da akwatunan kanta, ko ka haɗa ta da Exchange Online, wanda ke kan sabobin Microsoft, ka riƙa tura su rukuni-rukuni. Exchange 2016 ba a ɗaga shi zuwa Subscription Edition a wurin da yake, sai Exchange 2019. In gida za ku zauna, duba SVVP, jerin manhajojin ɗaukar VM da Microsoft ta amince da su, domin a kan Hyper-V da manhajojin da ke cikin jerin nan ne kawai suke karɓar ƙorafin Exchange. Amma tunda Copilot shugaba yake so, amsar ta fito da kanta: Copilot saƙonnin da ke Exchange Online yake karantawa, ba na sabar ofishinku ba. Ka bar Exchange a tsohuwar saba ɗaya har akwati na ƙarshe ya tashi.

Game da sababbin abubuwan Teams, ga abin da na ga ya cancanci a sani. Sabon Teams da ya fito a Oktoba 2023 an sake gina shi a kan WebView2 maimakon Electron, Microsoft kuma ta ce ya ninka tsohon sauri, yana cin rabin RAM. A tsofaffin kwamfutocin ofis ana jin bambancin. An rufe tsohon gaba ɗaya a Yuli 2025, Skype na gama-gari ma an rufe shi a Mayu 2025, don haka babu zancen zaɓi. Yana barin mutum ya buɗe asusun kamfanoni daban-daban ba tare da fita da shiga ba, abin da zai amfani masu hulɗa da dillalai, kuma an haɗe hira da tashoshi a wuri guda. Taƙaita taro da fitar da ayyukan da aka ɗora wa kowa yana buƙatar ƙarin lasisi, Teams Premium ko Copilot. Shi Copilot da ya fito ga kamfanoni a 1 ga Nuwamba 2023, dala 30 aka sa masa a lokacin kan kowane mutum a wata, ban da lasisin da ke ƙarƙashinsa. Mutum 120 ke nan dala 3,600 duk wata a wannan farashin. Kamfanin da ke gudun kuɗin VMware ya kamata ya ga wannan adadin kafin ya ce a saya wa kowa. Ku ɗauki mutum goma, ku gwada shi da taronku na gaske, inda ake fara jimla da Turanci a ƙarasa da Hausa, ku karanta abin da ya rubuta.

Abin da ya fi damuna da Copilot ba kuɗin ba ne. Duk fayil ɗin da ma'aikaci ke da izinin buɗewa, Copilot zai iya karanto masa shi. A tsohuwar sabar fayil, takardar albashi tana iya shekara biyar a jakar da kowa ke da izini, ba wanda ya gani don ba wanda ya san hanyar. Ka kwashe jakar nan yadda take zuwa SharePoint, wani ya tambayi Copilot nawa manaja ke ɗauka, ya kawo masa. Ba kutse ba ne, izinin da kuka bayar ne. Bayanan ma'aikata da na abokan ciniki amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakinsu, har da batun fitar da su ƙasar waje. Gyaran izini shi ne aikin da zai fi cin lokaci a duk tafiyar nan, kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Shugaban kowane sashe ne zai faɗi wa ya kamata ya ga me.

Sai layin intanet. Microsoft tana ba da shawarar kusan megabit 2.5 na fita da 4 na shigowa ga kowane mai taron bidiyo, murya kaɗai kuwa ba ta kai kilobit 100 ba. Mutum 20 a taro lokaci guda sun kai megabit 80. Buɗe ƙofofin UDP 3478 zuwa 3481 a bangon tsaronku, in ba haka ba murya za ta riƙa yankewa a ɗora wa Teams laifi. Ka kuma tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, ayyukan Microsoft suka yi ta tangal-tangal a yankinmu. Yau in intanet ya yanke, ma'aikatanku suna iya aika wa juna imel a cikin ofis. Bayan ƙaura ba za su iya ba. Layi na biyu daga wani kamfani daban ya shiga cikin kasafin tun yanzu.

Wannan Asabar ɗin, VM ɗaya za ka ɗauka, wanda in ya kwana a kashe ba mai kuka. Kafin ka taɓa shi, ka dawo da shi daga kwafin ajiya a wani wuri ka ga ya kunna, domin kwafin da ba a taɓa dawowa da shi ba, ba a san ko yana da rai ba. Ka rubuta kowane mataki da mintunan da ya ci, su za ka bi a sauran. Wanda ya riga ya koma, kada ka goge tsohonsa a ESXi sai ya yi mako biyu lafiya a sabon gida. Ka bar shi a kashe, ka cire alamar jona katinsa da netwok, ka fitar da shi daga jerin masu kunna kansu in an kawo wuta, ka ƙara "KADA A KUNNA" a gaban sunansa. In vmkping ɗin ya ba ka wata amsar da ba ka gane ba, turo ta tare da layukan vmkernel.log na daidai lokacin da ƙaurar ta tsaya, mu duba tare in sha Allah.